Lasisin manhajojin rakiya: abin da kamfani ya kamata ya sani

Manhajar rakiya ita ce wadda ake haɗowa da babbar manhajar aiki, kamar ta lissafin kuɗi, biyan albashi ko kula da kayan sito, domin babbar ba ta tashi sai da ita. Waɗanda aka fi sani su ne Java da rumbunan bayanai irin su Oracle Database da SQL Server. Sau da yawa mai manhajar rakiyar daban ne da wanda ya sayar da babbar, kuma lasisinta daban ne.

Iyakar lasisin

Yawanci ana ba da irin wannan lasisi da rangwame bisa sharaɗi guda: ba za a yi amfani da ƴar rakiyar ba sai tare da manhajar da ta zo da ita. Idan ma'aikaci ya buɗe wani sabon rumbu a cikinta don wani aiki, ko ya jona mata wata manhaja, kamfanin ya ƙetare iyaka, kuma za a iya neman ya biya kuɗin cikakken lasisi.

Misalin Java

Kamfanin Sun Microsystems ne ya fitar da Java a 1995, Oracle kuma ya saye Sun a 2010. Daga Afrilun 2019, sabbin gyare-gyaren Java 8 na Oracle sun daina zama kyauta ga yawancin ayyukan kasuwanci. A Janairun 2023 Oracle ya koma lissafin kuɗi bisa yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, har da na wucin gadi, ba masu amfani da Java kaɗai ba. Farashin da ya sanar ya fara daga dala 15 kan kowane ma'aikaci a wata, ga kamfanin da bai kai mutum 1,000 ba. Ke nan kamfani mai ma'aikata 200 zai biya dala 36,000 a shekara, ko da kwamfuta goma ce kawai ke buƙatar lasisin.

Wasu manhajojin Oracle suna zuwa da izinin amfani da Java, amma don tafiyar da su kaɗai. Idan kuwa wani kamfani ne ya haɗo Java cikin manhajarsa, sai an duba ko yana da yarjejeniya da Oracle wadda ta shafi masu saye.

Matakan kariya

Na farko, a rubuta duk manhajojin da ke kan kwamfutocin kamfani, da sigar kowace da wanda ya yi ta. Na biyu, a nemi dillali ya bayyana a rubuce wanda ke ɗauke da lasisin ƴar rakiyar. Na uku, a hana ma'aikata sabunta ta da kansu, domin sabuwar siga kan zo da sabbin sharuɗɗa. Na huɗu, idan dillali ya amince, a koma ga nau'o'in OpenJDK na kyauta, irin su Eclipse Temurin ko Amazon Corretto.

A adana takardun saye da kwangila wuri ɗaya. Ranar da mai manhaja ya aiko da wasiƙar bincike, su ne shaidar kamfani, ba alkawarin baki na dillali ba.