Daga Akushi Zuwa Kula: Tarihin Ciyayya A Cikin Birnin Kano

Duk wanda ya saba da littattafanmu na hikaya zai lura cewa da wuya a gama babi biyu ba a ɗora tukunya ba, ko ba a aiki yaro da kwano zuwa maƙwabta ba. Dalili kuwa shi ne a cikin wannan rayuwar muka tashi, mu da aka haifa a cikin birni a farkon shekarun 1980. Shi ya sa yau na ga ya dace mu ɗan ajiye labarin soyayya, mu waiwayi tarihin ciyayya, domin ina ganin tana neman kuɓuce mana ba tare da mun san abin da muke shirin rasawa ba.

Ciyayya iri biyu ce a cikin birni. Akwai ta maza, inda bayan magariba ko isha'i kowane magidanci za a fito masa da tuwon gidansa zuwa zaure ko dakalin wani dattijo, a jera kwanuka, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Akwai kuma ta mata, wato musayar kwano tsakanin gida da gida, wadda wata kan ɗauki shekara talatin ba ta yanke ba, har 'ya'ya su gaje ta daga iyayensu.

Idan muna son gane asalinta, sai mun dubi yadda birnin kansa ya ginu. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ginin ganuwa, shi kuma Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma ana lissafa kulle cikin abubuwan da aka fara a zamaninsa. A cikin ganuwar nan mutane suka zauna unguwa-unguwa bisa sana'a ko asali: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, sai Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus suka sauka. Kowa ya zo da girkinsa. Daga wajen Larabawa ake danganta gurasa da alkaki da alkubus, kuma har gobe idan ana maganar gurasa sai an ambaci Jakara. Gidajen kuwa na ƙasa ne, katanga jingine da katanga, lungu ba ya wuce faɗin jaki da kayansa. Idan aka soya manja a gida ɗaya, gida biyar sun ji ƙamshi. Ga kuma abin da malamai ke karantarwa a zaure, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a ƙara wa miya ruwa saboda maƙwabci. To a irin wannan zama, yaya za a yi mutum ya ci shi kaɗai?

Abu na biyu shi ne wahalar girkin kansa. Kafin tuwon dawa ya shiga akushi sai an yi sussuka, an yi surfe, an bakace, an wanke, an shanya, sannan a daka ko a niƙa a kan dutse, a tankaɗe. Mace ɗaya ba ta iya wannan a gidan da ake ciyar da mutum ashirin ko talatin. Dole kishiyoyi da faccaloli su haɗu a kan turmi, idan kuma biki ne ko suna, 'yan matan unguwa su taru ana lugude har a ƙarshen lungu a san akwai sha'ani. Wuta ma aronta ake yi. Wadda murhunta ya mutu sai ta aika a ɗebo mata garwashi a kasko. Haka rariya, haka maburgi, haka tukunyar biki. Macen da kika ari turminta da safe, ai ba kya kwashe tuwo da daddare ki manta da ita ba.

Abu na uku su ne yara. Tunda matan aure ba sa fita, yara ne ƙafafunsu. Wata Ba'amurkiya mai suna Enid Schildkrout ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle da zumuncinsu suka rataya a wuyan yara masu aike da talla. Mu da muka yi aiken ba sai an faɗa mana ba. Ka ɗauko kwano a ka, ka yi sallama, ka durƙusa ka ce, "Wai in ji Inna ga shi, ba yawa." Matar gidan ta ce, "Madalla, ka ce da Yaya an gode, Allah Ya ƙara rufin asiri." Ta juye, ta wanke, ta zuba nata, domin abin kunya ne kwano ya koma haka nan.

A nan ne fa hikimar take, kuma ita ce abin da nake so mu riƙe. Ciyayya rufin asiri ce. A zauren maza, idan an jera kwano goma, ba wanda yake ƙirga na wane ne bai fito ba, mai shi zai zauna ya ƙoshi ya tashi da mutuncinsa. A cikin gida kuma, ranar da kwanon wata ya dawo da ƙuli-ƙuli ko 'yar daddawa maimakon tuwo, an gane ba a ɗora tukunya ba. Ba za a tambaya ba. Washegari sai kawai a ƙara malmala, a ce ai yara ne ba su ci ba. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ta sha ba mu labarin farin 1973, lokacin da hatsi ya yi wuya, ta ce gidaje da yawa a lungunsu da kwanon maƙwabta suka ga damina, kuma har suka mutu ba wanda ya goranta musu.

Shekara ma da abinci ake gane ta. Ranar cika-ciki a watan Muharram a dafa wutsiyar ragon layya da aka adana, a rarraba. Da azumi kunun tsamiya da ƙosai su yi ta kai-kawo kafin a sha ruwa, bayan goma ga wata yara su fara tashe gida-gida ana ba su hatsi, Nalako kuma ya bi gwauraye. Da sallah a yi tuwon sallah. Mai jego a kai mata kunun kanwa, a yi ƙauri a raba wa dangi da maƙwabta. Idan aka yi rasuwa kuwa, maƙwabta ne ke ɗaukar girkin gidan na kwanakin zaman makoki. Almajiri ma yana da gidan uwar ɗakinsa inda ake ajiye masa rabonsa.

To daga ina abin ya fara canzawa? Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kaya suka fara kwararowa daga Ikko. Kwanon fenti ya ture akushi da ƙwarya, har ya zama abin jere a ɗakin amarya, su langa da kumbo da samira. Wannan bai cutar da ciyayya ba, sai ma ado da ya ƙara mata. Injin niƙa ne ya fara taɓa tushenta, domin da ya yawaita sai turmi ya rage tara mata. Ashana da risho suka kashe ɗibar wuta. Maggi, wanda asalinsa daga Suwizalan yake, ya shigo ya raba wa daddawa gida. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da kuɗin Udoji da suka biyo baya, shinkafar da a da sai da sallah ko biki ta zama abincin rana, ita kuwa ba ta neman surfe ko taimakon kowa. A 1976 aka kawo shirin ilimin firamare kyauta, yaran aike suka fara tafiya makarantar boko da safe, wanda alheri ne, amma dai ƙafafun sun ragu.

Duk da haka, abin lura shi ne wahala ba ta kashe ciyayya ba. Mun ga tsadar da ta biyo bayan shirin SAP na 1986. Mun ga ƙarancin kananzir a zamanin Abacha, lokacin da aka koma wa gawayi da ɗusar katako, har wani murhu ya sami sunansa. A shekarun nan ina 'yar sakandare, kuma na shaida kwano bai daina yawo ba, sai dai malmalar ta ƙanƙance. Abin da ya fi yi mata illa shi ne ƙaura. Birni ya cika, gidajen gado aka raba su ɗaki-ɗaki ko aka sayar, 'ya'ya suka koma Rijiyar Zaki da Hotoro da Ɗorayi da sauran sababbin unguwanni, kowa ya ja doguwar katanga ya sa get. Ga gas, ga firji mai adana ragowar da a da dole a bayar kafin ta lalace, ga Indomie da yaro zai dafa da kansa cikin minti biyar. Kula ta maye gurbin kwano, amma sau da yawa daga kicin zuwa falo take tsayawa. Sai kuma zargi ya shigo, uwa ta riƙa ja wa ɗanta kunne kada ya ci abin gidan kowa.

Ba ina cewa mu koma surfe da hayaƙin danyen ice ba ne, duk wadda ta yi ta san ba daɗi, kuma iyayenmu da yawa sun tsufa da ciwon baya da na ido. Tambayar ita ce, wa ya gaji aikin da kwanon yake yi? Bayan cire tallafin man fetur a 2023, buhun shinkafa ya haura naira 70,000 a 2024, muka riƙa jin labarin magidanta masu kamala da suka kwana biyu ba a hura wuta a gidajensu ba, maƙwabcin da suke sallah sahu ɗaya bai sani ba. Rabon kayan azumi da ake yi da layi da ɗaukar hoto yana da ladansa, amma mai kunya ba zai shiga layin ba. Ciyayya kuwa ba ta bambanta mai bayarwa da mai karɓa, kowa ya bayar, kowa ya karɓa.

Har yanzu akwai lungunan cikin birni da ake jera kwanuka bayan isha'i, Allah Ya saka wa dattawan da suka riƙe. Mu kuma da muka fita bayan ganuwa, ba sai mun jira azumi ba. 'Yar'uwa, ko sau ɗaya a mako ne, ki zuba a ƙaramar kula ki aika gidan da ke jikin naki, kada ki damu da abin da zai dawo. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, ni kuwa na ce a da har da kwano take tafiya. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya jiƙan iyayenmu da suka ciyar da mu da na maƙwabta. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.