Tiyatar Rage Ƙiba da Ciwon Suga

A shekarun 1960 wani likitan fiɗa a Jami'ar Iowa ta Amurka, Edward Mason, ya lura cewa masu gyambon ciki da aka yanke wa wani sashe na tumbi sukan rame, kuma da wuya jikin ya dawo. Sai ya ɗauki wannan dabara ya kai wa masu ƙibar da ta zama cuta: a tsuke tumbi ya koma 'yar ƙaramar jaka, a jona shi da ƙaramin hanji. Lissafinsa shi ne idan ci ya ragu, teɓa za ta zube.

Teɓar ta zube kuwa, amma wani abu yana riga ta. Walter Pories, wanda ke wannan aiki a Greenville ta jihar Karolina ta Arewa, ya ga masu ciwon suga nau'i na biyu suna ajiye allurar insulin cikin kwanaki kaɗan, tun sikeli bai nuna wani sauyin kirki ba. A 1995 ya wallafa bayanin mutum 608 da ya bibiya, wasu har shekara 14. Cikin masu suga 146, kusan kashi 83 cikin ɗari sugansu ya daidaita.

Mene ne dalili? A 2004 wani mai bincike, Francesco Rubino, ya karkatar da hanjin ɓeraye masu suga waɗanda ba su da ƙiba, sugansu ya sauka. Ashe hanji yana da ta cewa. Idan abinci ya isa ƙarshensa da wuri, yakan yawaita fitar da sinadarin GLP-1, mai zaburar da jiki ya samar da insulin. A 2016 ƙungiyoyin likitoci 45 suka amince da tiyatar a matsayin maganin suga ga wasu marasa lafiya, duk da cewa ciwon yakan dawo wa wasu bayan shekaru.

Cikin waɗanda aka yi wa wannan tiyata, masu raunin tayirod, wato sashen nan na wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo, su ne suka cancanci kulawar da ba a cika ba su ba. Da nauyin jiki ake auna maganinsu, ƙwayar levothyroxine, don haka wanda ya rame yakan buƙaci ragi. Sai dai ƙwayar tana buƙatar ruwan tumbi ta narke kafin hanji ya tsotse ta, kuma tiyata ta taɓa duka biyun, har wani sai an ƙara masa. Shi ya sa likitoci ke maimaita gwajin tayirod na TSH a watannin farko bayan aikin.