Me ke ƙona lasifika da amfilifaya?

A garuruwa irin su Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka a jihar Zamfara, ba kasafai ake sayen amfilifaya da lasifika tare ba. Wannan sabuwa ce daga Gusau, waccan ta hannu ce, sai a haɗa su a ɗaki.

A bayan lasifika akan rubuta om 4 ko om 8, wato ma'aunin yadda take tauye wutar da ke shigarta.

Idan aka jona lasifika biyu masu om 8 a mafita ɗaya, jar waya da ja, baƙa da baƙa, sai su koma om 4. Huɗu kuwa om 2 ke nan, nauyin da akasarin amfilifayar gida ba ta iya ɗauka. Zafi za ta yi ta mutu.

Ƙaramar amfilifaya ma tana ɓarna. Idan aka murɗa ta har sauti ya fara karcewa, lasifikar da ke fitar da siririn sauti ce kan fara ƙonewa.

Idan gefe ɗaya ya yi shiru, a musanya lasifikan biyu. In shirun ya bi lasifikar, ita ce ta lalace. In bai bi ta ba, sai a duba waya da amfilifaya.

Wajen gyara kuma, abin da ake narkawa a liƙe waya galibi yana da dalma. A yankin da gubar dalma daga aikin zinare ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010, bai kamata a yi wannan aiki kusa da yara ko abinci ba.