Ƙungiyoyin Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da Ƙasa da Renon Sababbin Daraktoci

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na ƙasa da ƙasa haɗaka ce ta gidajen wasa da bukukuwa da masu sana'ar dandamali daga ƙasashe daban-daban, waɗanda ke musayar wasanni, suna haɗa kuɗi su shirya wasa, sannan su zagaya da shi rangadi. Darakta, wato mai ba da umarni, ya fi kowa bukatarsu. Marubuci na iya aika rubutunsa ta gidan waya, amma aikin darakta ba ya ganuwa sai an kwashi 'yan wasa da kayan ado da fitilu an kai su gaban jama'a.

Tarihinsu ya faro ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 aka kafa Cibiyar Wasan Kwaikwayo ta Duniya, ITI, a birnin Prague, da goyon bayan UNESCO, kuma marubucin Ingila J. B. Priestley na cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kai. A shekarar ce 'yan gurguzu suka karɓe mulkin Cekoslobakiya, don haka tun daga haihuwarta cibiyar ta zama ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da masu wasa na Gabas da Yamma ke iya leƙa juna. Ita ce ta tsayar da 27 ga Maris a matsayin Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya tun 1962, Jean Cocteau ya rubuta saƙon farko, Wole Soyinka kuma ya rubuta na 1986. Daga baya hedkwatarta ta tashi daga Paris ta koma Shanghai.

Sai dai a farkon lamari ba a yi ta matasa ba. Bikin da aka fara a Paris a 1954, wanda ya zama Théâtre des Nations a 1957, fage ne na gwamnatoci: kowace ƙasa ta turo mafi shaharar abin da take da shi. A nan Bertolt Brecht ya kawo ƙungiyarsa ta Berliner Ensemble a 1954, 'yan wasan waƙe na Sin suka biyo baya a 1955. Matasa 'yan kallo ne kawai, sai a 1961 da aka buɗe wa bikin makaranta tasa, Université du Théâtre des Nations. Cikin waɗanda suka zauna a cikinta akwai 'yan Ajantina biyu, Jorge Lavelli da Víctor García, da suka zama manyan daraktoci a Turai. A 1963 Jack Lang, yana matashi mai karatun shari'a, ya ƙirƙiro bikin wasan ɗalibai a Nancy, inda sunan Jerzy Grotowski na Folan ya fara zagaya duniya, inda kuma Ba'amurke Robert Wilson ya yi fice a 1971 da wasan da ba a furta magana a cikinsa. Tun daga nan masu bukukuwa suka gane cewa gano sabon darakta kafin kowa ya gano shi ma wani abin tinƙaho ne.

Akwai wata tafiya a wannan tarihi da ta ratsa ƙasar Hausa. A 1970 Peter Brook ya kafa cibiyar bincike a Paris, ya tara 'yan wasa daga ƙasashe da harsuna daban-daban, har da Yoshi Oida na Japan da Malick Bowens na Mali. A Disamban 1972 suka tashi daga Aljeriya cikin motocin Land Rover, Helen Mirren na tare da su, suka ƙetare Sahara, suka bi ta Agadas da Damagaram da Kano da Jos kafin su gangara ƙasar Yarabawa. Ba su da dandamali. Darduma suke shimfiɗawa a kasuwa ko a dandalin ƙauye, su ajiye takalmi ko kwali a tsakiya, su ƙirƙiri wasa nan take ba tare da harshen da suka haɗa da masu kallo ba. Ɗan jarida John Heilpern ya rubuta labarin tafiyar a littafi. Tafiya ce ta bincike, kuma ribarta Paris ta koma: ƙungiyar ta koyi abin da ta zo koyo, ta naɗe dardumarta ta wuce. Wannan ɗabi'a, ta zuwa Afirka ɗibar ilimi maimakon gina hulɗa, ita ce abin da ƙungiyoyin da suka biyo baya suka daɗe suna ƙoƙarin gyarawa.

Sabon salo ya ɓullo a 1981 a ƙauyen Polverigi na Italiya, inda wasu masu shirya bukukuwa suka kafa ƙungiyar IETM. Babu wakilan gwamnati a ciki, babu tutoci. Taro ne na masu ƙananan ƙungiyoyi da ke neman wanda zai gayyace su. Manyan gidajen wasa ma suka yi nasu: European Theatre Convention a 1988, sai Union des Théâtres de l'Europe a 1990, wadda Giorgio Strehler na Milan ya kafa tare da Jack Lang, lokacin yana ministan al'adun Faransa. Faɗuwar katangar Berlin ta buɗe wa daraktocin Gabashin Turai hanya. A Amurka kuwa, Anne Cattaneo ta fara taron horon daraktoci na Lincoln Center a New York a 1995, wanda ya riƙa tara matasa daga ƙasashe da dama na 'yan makonni.

Ƙashin bayan duk wannan shi ne shirin haɗin gwiwa, mai kama da adashi: gidajen wasa uku ko huɗu su zuba kuɗi a wasan da ba a ma fara atisayensa ba, kowane gida kuma ya sami kwanakin da za a nuna shi a zaurensa. Matashin darakta ya samu wurin atisaye da albashin 'yan wasa da rangadi tabbatacce, ana haska fassarar magana a saman dandamali don baƙin masu kallo. Amma tsarin na da nasa tasiri a kan aikin kansa. Wasan da za a yi rangadi da shi sai ya zama mai 'yan wasa kaɗan, kayansa su shiga akwati, maganarsa ta taƙaita don fassara ta iya binta. Darakta da ya saba da haka yakan wayi gari yana shirya wasa don masu bukukuwa, mutanen garinsu kuwa ba su taɓa ganinsa ba.

A Afirka ta Yamma, hanyar fita ta daɗe tana bi ta Faransa, musamman bikin Limoges da aka fara a 1984. Kasuwar MASA ta Abijan, tun 1993, an kafa ta ne don masu gayyata su zo su ga wasannin Afirka a gida. An kafa asusun Art Moves Africa a 2005 don biyan kuɗin tafiya tsakanin ƙasashen nahiyar, domin sau da yawa zuwa Turai ya fi zuwa wata ƙasar Afirka sauƙi. Mafi jan hankali shi ne bikin Récréâtrales na Wagadugu, wanda Étienne Minoungou ya kafa a 2002. Marubuta da daraktoci da masu ƙera dandamali kan zauna tare tsawon makonni, kuma tun 2008 a tsakar gidajen mutanen unguwar Bougsemtenga ake nuna wasannin, inda masu gida ke ba da filinsu a kafa kujeru. A Nijar, Alfred Dogbé, wanda ya rasu a 2012, ya kafa bikin Émergences a Yamai da irin wannan manufa.

Shekarun baya-bayan nan sun kawo sababbin tambayoyi. Saboda sauyin yanayi, Katie Mitchell da gidan wasan Vidy na Lausanne sun gwada rangadi ba tafiya a 2021: rubutun wasa ne ke tafiya, daraktan kowane gari ya shirya shi da mutanensa, wutar lantarkin ma da keke ake samar da ita a kan dandamali. Masu wasa daga ƙasashe matalauta sun mayar da martani cewa daina hawa jirgi abu ne mai sauƙi ga wanda gwamnatinsa ke ciyar da shi a gida. Sannan ga matsalar biza. A Satumban 2023, bayan juyin mulkin Nijar, gidajen wasan Faransa masu karɓar tallafin gwamnati sun sami umarnin dakatar da hulɗa da masu fasaha na Nijar da Mali da Burkina Faso. Ƙungiyoyin masu wasa suka yi ca, hukumomi suka ce ba ƙauracewa ake nufi ba, amma ofisoshin ba da biza a ƙasashen uku sun ci gaba da zama a rufe a lokacin.