Daidaita ƙafafun mota

Daidaita ƙafafun mota, wanda makanikai suka fi kira alaimen, aiki ne na mayar da kusurwoyin ƙafafun mota kan ma'aunin da kamfanin da ya ƙera ta ya tsara, domin motar ta riƙa tafiya a miƙe, sitiyari ya zauna a tsakiya, tayoyi kuma su riƙa cinyewa daidai da juna. Ba tayar ake gyarawa ba. Abin da ake taɓawa shi ne ƙarafan da ke riƙe da ƙafa da waɗanda ke juya ta. Sau da yawa ana haɗa shi da balansin, alhali aikinsu daban ne: balansin yana maganin rawar sitiyari idan mota ta ɗauki gudu, shi kuwa alaimen yana gyara inda ƙafafun suka dosa.

Kusurwoyin da ake aunawa

Kusurwa ta farko ita ce wadda ake gani idan an dubi mota daga sama. Idan gaban tayoyi biyu ya ɗan matso kusa da juna, ana kiran wannan to-in. Idan ya buɗe, to-awut ke nan. Ana auna ta da milimita ko da digiri, kuma ita ce ta fi saurin cin taya. Ƙafar da ta kauce da digiri 1 kacal, ana jan ta a kaikaice kimanin mita 17 a kowace kilomita guda. Alamarta ita ce idan aka shafa hannu a faɗin tayar za a ji santsi ta ɓangare ɗaya, kaifi ta ɗaya ɓangaren.

Kamba ita ce karkatar ƙafa idan an tsaya a gaban mota. Idan saman tayar ya kwanta ciki da yawa, gefen ciki ne zai cinye. Idan ya kwanta waje, gefen waje. Mota takan ja zuwa ɓangaren da saman tayarsa ya fi kwantawa waje.

Kasta ita ce kwanciyar layin da ƙafar gaba ke juyawa a kansa, idan an duba daga gefe, kamar yadda cokalin gaban keke yake a kishingiɗe. Ita ce ke sa sitiyari ya komo da kansa bayan an sha kwana. Ba ta cika cin taya ba, amma idan ta hagu da ta dama suka bambanta, motar takan ja zuwa ɓangaren da kastarsa ta fi ƙanƙanta.

Akwai ta huɗu da ake yawan mantawa da ita, wato inda ƙafafun baya suka dosa idan an kwatanta da tsakiyar jikin motar. Idan sun dosa gefe, motar za ta riƙa tafiya a ɗan karkace, direba kuma dole ya riƙe sitiyari a karkace kafin ta miƙe.

Karkatar sitiyari da jan mota

Waɗannan matsaloli biyu ne daban, kuma rarrabe su shi ne matakin farko na gano lahanin. Ana gwadawa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya marar cunkoso, da matsakaicin gudu. Idan aka sassauta riƙo motar ta ci gaba da tafiya a miƙe amma sitiyarin yana kallon hagu ko dama, to karkata ce kawai. Idan kuwa motar ta fara zamewa gefe har sai an riƙe ta, to ja take yi.

Karkata kaɗai takan faru ne idan tsawon tayarod na hagu da na dama bai yi daidai ba, ko ƙafafun baya sun kauce. Yawanci hakan na biyo bayan faɗawa rami da gudu, ko bugun gefen kwalbati, ko sauya tayarod ko rak ba tare da an auna ba. Ba abin mamaki ba ne a ga mota ta fito daga wurin alaimen da karkataccen sitiyari, idan mai aikin ya juya tayarod ɗaya kawai, ko bai kulle sitiyarin a tsakiya ba kafin ya fara.

Shi kuwa ja, dalilansa sun fi yawa, kuma da dama daga cikinsu ba su da alaƙa da alaimen. Tayar da iskarta ta yi ƙasa takan ja mota zuwa ɓangarenta, don haka ana fara duba iska bisa ma'aunin da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Birkin da ke kamawa ma yana jawo haka, kuma ana gane shi da zafin da wannan ƙafar ke yi fiye da sauran. Wata tayar kuma tun daga masana'anta take da lahani. Ana gano wannan ta hanyar musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. Idan jan ya sauya ɓangare, laifin taya ne. Tayoyin da ke da kibiyar nuna inda za su juya ba a barin su a musanye bayan gwajin.

Ita kanta hanya tana da nata tasirin. Ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya domin ruwan sama ya gangara gefe. A ƙasashen da ake tuƙi ta hannun dama, kamar Nijar da Najeriya, wadda ta koma wannan tsari a shekarar 1972, mota lafiyayya ma takan ɗan zame dama a hankali.

Yadda ake gyarawa

Kafin a ɗora ma'auni, ana ɗaga motar a girgiza kowace ƙafa don duba boljoin, bushin, kan tayarod da boris. Alaimen a kan kayan da suka saki asarar kuɗi ce, domin ma'aunin zai kauce da zarar motar ta hau titi.

A wuraren da ke da injin zamani, ana maƙala alluna a ƙafafu huɗu, kyamarori su karanta kusurwoyin, kwamfuta kuma ta kwatanta su da ma'aunin motar. Ana fara gyara na baya idan suna gyaruwa, sannan kasta da kamba na gaba, a ƙarshe a kulle sitiyari a tsakiya a daidaita to-in. Motoci da yawa ba su da wurin gyara kamba ko kasta. Wasu, irin su Volkswagen Golf 3, ƙafafunsu na baya a kan ƙarfe guda suke. Idan ma'aunin irin waɗannan ya kauce sosai, alama ce cewa wani abu ya lanƙwashe, kuma sauya shi ake yi.

Idan sitiyari ne kawai ya karkata kuma to-in daidai yake, ana sassauta notin kowane tayarod, a ƙara tsawon ɗaya a rage na ɗayan da adadin juyi iri ɗaya. Ta haka ƙafafun biyu za su matsa gefe guda ba tare da tazarar da ke tsakaninsu ta sauya ba. Wanda za a tsawaita ya danganta da ko rak ɗin yana gaban tsakiyar ƙafa ne ko bayanta. Ana yin rabin juyi ko kwata, a ɗaure, a gwada a hanya. A manyan motoci da wasu masu shiga daji da ke da gatari guda a gaba, akwai wata sanda da ta taso daga akwatin sitiyari, kuma ita kaɗai ake juyawa.

Wasu na aunawa da zare da aka ja a gefen mota daga baya zuwa gaba. Wannan dabara tana iya nuna to-in idan an yi ta da kulawa, amma ba ta nuna kasta.

Cire sitiyari a mayar

Wata gajeriyar hanya da ake bi ita ce a kwance sitiyarin a matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu. Wannan yana ɓoye alamar ne kawai. Rak ɗin zai ci gaba da zama a kauce, motar ta fi shan kwana ta ɓangare ɗaya, sigina kuma ta daina kashe kanta a kan lokaci. A bayan sitiyari akwai naɗaɗɗiyar waya mai kai wuta ga ham da jakar iskar kariya, kuma tana iya tsinkewa idan aka mayar da ita ba a tsakiya ba.

Sababbin motoci suna da na'urar da ke auna juyin sitiyari, wadda tsarin hana zamewa ke dogaro da ita. An wajabta wannan tsari ga ƙananan motoci a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma ga duk sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Idan na'urar ta karanta cewa sitiyari a juye yake alhali motar a miƙe take tafiya, fitilar gargaɗi na iya kamawa, ko tsarin ya taka birkin wata ƙafa ba gaira ba dalili. Saboda haka kamfanoni da dama sun tanadi a sake saita na'urar da kwamfuta bayan an gama alaimen, wasu ma har da kyamarar da ke lura da layin hanya.