Ramuwa Kafin Rago: Haƙƙin Mutane a Dokokin Hadaya na Isra'ilawan Dā

Babi bakwai na farkon Littafin Firistoci sun tsara hadayu iri biyar: ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi da ta laifi. Mai karatun yau yakan ga jini da kitse da toka kawai, ya wuce. Alhali waɗannan dokoki sun ɗaure ibada da haƙƙin mutane ɗauri mai ƙarfi, kuma nan darasinsu yake.

Babbar hujja tana babi na 6. Wanda ya ci amanar ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci kayan wani ya musanta da rantsuwa, wajibi ne ya mayar wa mai kaya kayansa, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kai rago wurin firist. Yanka ba ya maye gurbin biyan wanda aka zalunta.

Babi na 5 kuwa ya duba talaka. Wanda ba shi da halin tunkiya ya kawo kurciyoyi ko 'yan tattabaru biyu. Idan hakan ma ya gagara, garin alkama ya wadatar. Gafarar mai gari daidai take da ta mai tunkiya. Babi na 7 ya ce naman hadayar godiya ba ya kwana. Gida ɗaya zai sha wuya kafin ya cinye sa a yini guda, don haka dokar ta kusan tilasta gayyatar wasu.

Mai ja zai ce ai annabawa irin su Amos da Ishaya sun soki hadayu. Gaskiya ne, amma sukarsu ta fi sauka kan masu danne matalauta sannan su cika bagade da kitse. Wannan tuni ne ga ka'idar babi na 6.

Da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 Miladiyya, yankan ya tsaya. Malaman Yahudawa suka mai da hankali ga addu'a da tuba da sadaka; Kiristoci kuma, bisa Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, suka ga cikar hadayu a mutuwar Almasihu. Bagade ya tafi, sharaɗin bai tafi ba. Ɗan kasuwar da ya tauye mudu, ko shugaban da ya cinye dukiyar jama'a, ba zai wanke kansa da babbar kyauta a wurin ibada ba. Sai ya fara nemo wanda ya cuta, ya biya shi har da ƙari.