Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Labarin Masu Magani na Ƙasar Sin

Mutanen ƙasar Sin sun daɗe suna magani da saiwoyi da ganyaye da sassaƙe, sun kuwa daɗe suna rubuta abin da suka sani cikin littattafai. Babban abin da ya dami malamansu tun farko shi ne a tabbata wane itace ne wannan, a kuma san iyakar abin da jiki zai iya ɗauka daga gare shi. Gama saiwa guda takan tashi mara lafiya, 'yar'uwarta mai kama da ita ta kai shi kabari.

Cikin tatsuniyoyinsu akwai labarin wani sarki na zamanin da, wai shi Shennung. An ce shi ya koya wa mutane noma, shi ne kuma ya bi daji yana ɗanɗana itatuwa ɗaya ɗaya, har wata rana ya gamu da dafi iri saba'in. Littafin magani mafi tsufa da su ke da shi sunan wannan sarki ya ɗauka, an kuwa rubuta shi kusan shekara 2,000 da suka wuce. Akwai magunguna 365 a ciki, an kasa su kashi uku. Kashi na farko, 120, masu gyara jiki ne, ba su da dafi. Na biyu, 120, sai da lura. Na uku, 125, su ne masu ƙarfi, mafi yawansu da dafi, a kan ba da su don korar cuta, da ta tafi sai a daina. Daga cikin waɗannan akwai saiwar da su ke kira fuzu, wadda ɗanyarta kan tsai da zuciyar mutum. Har yau ba a shanta sai an jiƙa ta, an dafa ta ƙwarai, dafin ya ragu.

Da littattafai suka yi yawa sai ruɗani ya shigo. Ƙasar Sin babba ce, kowane lardi da sunan da ya ke ba itacensa. Itace ɗaya ya kan sami suna biyar, suna ɗaya kuma a raba shi ga itatuwa uku. Saboda haka cikin zamanin sarautar gidan Tang, hukuma ta sa wani malami Su Jing da waɗansu ma'aikata su gyara littafin. Aka aika larduna su kawo siffar kowane itace. Cikin shekara ta 659 aka gama aikin, da magunguna wajen 850 da hotunansu. Duk da haka masu juyi da hannu suka ci gaba da shigar da kurakurai, na baya yana kwashe kuskuren na gaba.

Wanda ya fi kowa wahala a kan wannan al'amari shi ne Li Shijan. An haife shi cikin 1518 a garin Kijau na lardin Hubei. Ubansa mai magani ne, amma ya so ɗan ya zama ma'aikacin sarki. Sau uku yaron ya shiga jarrabawar lardi, sau uku yana faɗuwa, sai ya komo ya kama sana'ar ubansa. Da ya duba littattafan da, ya ga an haɗa itatuwa biyu an ce ɗaya ne, an raba ɗaya an ce biyu ne, an kuma kira mai dafi mara dafi. Cikin 1552 ya ɗaura niyyar sāke aikin tun daga tushe. Ya karanta littattafai wajen 800. Ya hau duwatsu, ya shiga kasuwanni, yana tambayar manoma da maharba da masunta da masu saran itace, yana tonon saiwa da hannunsa. Ya ji ana cewa wanda ya sha furen zaƙami cikin giya ya kan yi ta dariya da rawa, sai ya gwada da kansa kafin ya rubuta. Ya kuma tsawata wa masu dafa zaiba suna cewa maganin tsawon rai ne, alhali kuwa irin wannan haɗi ya hallaka sarakuna da dama na gidan Tang.

Cikin 1578 ya gama littafinsa mai suna Bencaw Gangmu. Akwai magunguna 1,892 a ciki, da hanyoyin haɗa magani fiye da 11,000, da hotuna fiye da 1,000. Ga kowane magani ya kan faɗi sunayensa, da inda ya ke tsira, da kamanninsa, da yadda a ke sarrafa shi, sa'an nan ya nuna kuskuren magabata in akwai. Ya rasu cikin 1593, ba a fitar da littafin ba sai 1596 a birnin Nanjin.

To, amma littafi ba ya bin buhun saiwa zuwa kasuwa. Shekara ɗari huɗu bayan Li Shijan, wani abin baƙin ciki ya auku a Burasel, babban birnin Beljiyam. Tsakanin 1990 da 1992 wani gidan magani ya riƙa ba mata ƙwayoyin rage ƙiba waɗanda aka sa musu garin itatuwan Sin. Saiwar da aka nufa ita ce han fanji. Wadda ta shiga cikin ƙwayar kuwa guwang fanji ce. Sunan ya yi kusa, busasshiyar saiwar ta yi kama, balle kuma an niƙe ta gari. Amma ta biyun dabam ce, dangin tsiron nan ne da a ke kira duman dutse a ƙasar Hausa, tana kuwa da wani dafi mai cin ƙoda a hankali. Mata fiye da 100 suka kamu. Da yawa daga cikinsu ƙodarsu ta mutu ɗungum, sai da na'urar wanke jini ko dashen wata ƙodar. Likitoci suka bayyana labarin cikin 1993. Cikin shekara ta 2000 kuma aka ba da sakamakon binciken 39 daga cikin marasa lafiyan, aka tarar 18 sun kamu da ciwon daji a magudanar fitsari.

Da aka bi sawu sai aka ga a ƙasar Sin kanta irin wannan musanya ta daɗe. Wata kurangar mai irin dafin nan, guwan mutung, ta maye gurbin mutung na ainihi cikin wani sanannen maganin da jama'a su ke saye. Hukumar Sin ta hana guwan mutung cikin 2003, ta hana guwang fanji cikin 2004. Abin da ya ɓoye wannan dafi tun da daɗewa shi ne jinkirinsa. Fuzu kan nuna kanta nan take, shi kuwa wannan sai bayan watanni ko shekaru, sa'ad da mutum ya manta ma ya sha wani abu. Ɗanɗano da duban ido ba su isa su gano shi ba. Shi ya sa yanzu a kan duba saiwa da madubin likita, a kuma auna abin da ke cikinta a ɗakin bincike.

Mai sayen magani dai, ko ina ya ke, ya kamata ya tambayi sunan itacen, da inda aka samo shi, da yawan da za a sha, da ranar da za a daina. In kuwa ya je asibiti, ya gaya wa likita abin da ya ke sha a gida. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.